Yadda za ka hana PLC faɗawa STOP saboda na'urorin netwok masu jinkirin tashi

An ɗauke wuta an dawo da ita, komai ya kama, amma PLC, wato kwamfutar da ke sarrafa injinan masana'anta, na zaune a STOP (ta daina gudanar da firogiram ɗinta) da jar fitila, aiki ya tsaya cak. Ka kashe ta ka sake kunnawa sai ta tashi lafiya lau kamar ba ita ba. In haka ke faruwa a wurinka, kafin ka ɗora laifin a kan CPU (ƙwaƙwalwar PLC ɗin) ko kebul, ka bincika wa ya riga wa tashi.

Ita PLC cikin 'yan daƙiƙu take gama tashi ta fara kiran na'urorin da aka rubuta mata, su I/O na nesa (akwatunan shiga da fitar sigina) da VFD masu sarrafa gudun injina. Shi kuwa suwic mai saiti, wanda ke haɗa PLC da waɗannan na'urori a netwok, ƙaramar kwamfuta ce a kansa, sai ya loda nasa tsarin tukuna, wani har ya haura minti ɗaya, kuma in tsohon Spanning Tree (tsarin hana saƙo yin zagaye a netwok) ne ke aiki a kansa kowace kafa sai ta ɓata kamar daƙiƙa 30 tana saurare da koyon adireshi kafin ta bar saƙo ya wuce. Kafin nan PLC ta yi ta kira babu amsa, ta yanke cewa na'urar ta ɓace.

Fara da kundin kurakuran CPU ɗin, ka dubi lokacin da ta tashi da lokacin da kowace tasha, wato kowace na'urar da PLC ke kira a netwok, ta shigo. Wannan tazarar ita ce za ka yi aiki da ita, kar ka yi zato.

Sannan ka rage jinkirin daga tushe. Kafofin suwic da aka jona na'ura kai tsaye ka mayar da su kafar gefe mai barin saƙo ya wuce nan take, abin da Cisco ke kira PortFast, ko ka koma RSTP, wato Spanning Tree mai sauri. Ka ba kowace na'ura tsayayyen adireshin IP, kar ta zauna jiran rabon adireshi na DHCP daga sabar da ita ma ba ta farka ba. Suwic ɗin ka ɗora shi kan UPS (batirin ko-ta-kwana) na 24V, haka ma katin sadarwar VFD in yana karɓar wuta daga waje. Gaskiya wannan kaɗai yana kashe matsalar a wurare da yawa.

A ɓangaren Siemens, PLC ɗin S7-300 da S7-400 in tasha ta ɓace kuma babu OB86 (ɓangaren da PLC ke kira in tasha ta ɓace) a cikin firogiram ɗin, STOP za su tafi kai tsaye, don haka ka loda shi tare da OB82 da OB122 masu kula da wasu kurakuran. A TIA Portal kuma, manhajar Siemens ta rubuta firogiram, cikin saitin tashin CPU akwai lokacin jiran I/O, yawanci 60000 ms ne, ka ƙara shi ya wuce abin da ka auna. A manhajar Studio 5000 ta Rockwell kowane modul yana da akwatin saka alama da ke cewa a jefa kwantirola, wato PLC, cikin babban kuskure in haɗi ya yanke, ka bi su ɗaya bayan ɗaya ka ga wanne ne ya cancanci hakan da gaske.

To amma a nan ne nake so a kula sosai. Wasu sai su saka OB86 babu komai a ciki, su cire duk alamomin nan, su ce an gama. Wannan rufe wa PLC ido ne kawai, tana RUN amma tana aiki da bayanan da ba su iso ba, kuma akwai mutane a gefen injin. Ka rubuta mata ta jira: ta karanta halin kowace tasha, da umarnin DeviceStates a S7-1500 ta Siemens ko GSV a Logix ta Rockwell, kar ta bari injin ya motsa sai duk sun amsa, in lokacin da ka ɗiba ya wuce wata ba ta shigo ba ta tada ƙararrawa da sunan wadda ta makara. Duk abin da ya shafi da'irar kariya kuwa kar ka sassauta shi don neman sauƙi.

In ba ka da damar taɓa firogiram ɗin, rile (makunni mai aiki da kansa) mai jinkiri a kan wutar PLC zai riƙe ta har netwok ya shirya, ba shi ne mafi kyau ba amma yana aiki.

Wajen gwaji ka kashe babban makunnin fanel ɗin gaba ɗaya, ba PLC kaɗai ba, ka bar komai ya mutu sarai sannan ka kunna, ka maimaita har da ɗaukewar wuta ta ɗan ƙiftawa domin ita ce take sa suwic ya sake tashi daga farko alhali PLC ko gezau ba ta yi ba.