Yadda ake rage wutar kai-komo a wajen sana'a ba tare da an yi ɓarna ba

A Kumasi, daga unguwar makanikai ta Suame Magazine har gidajen niƙa na Aboabo, kukan ɗaya ne: wuta ba ƙarfi, waya na ɗaukar zafi, taransifoma na gurnani. Sau da yawa wutar kai-komo ce, wadda moto da injin walda ke ja su haɗa maganaɗisu, sannan su mayar da ita layi. Ba ta niƙa ko ƙwayar masara, amma tana cika waya. Maganinta kafasita, na'urar da ke samar da wutar kai-komon a kusa da injin, sai dai yaran da ke koyon aiki a hannuna wuri guda suke tuntuɓe, su sayo kaya ba su yi awo ba.

Don haka fara da awo. Ka ɗaura mita a babban layin da ya shigo daga ECG, kamfanin wutar Ghana, ka bar ta mako guda, ka ga kW, wato wutar da ke yin aiki, da fawa fakta, wato kason wutar da ake ja da ke yin aikin, da safe, da rana, da tsakar dare. Awon yini ɗaya ni ba na karɓarsa. In ba ka da mitar, ka yi haya, ya fi araha a kan sayen kafasita sau biyu.

Sai lissafi. A ce wurin na cin 50 kW, fawa fakta 0.75, kana son 0.95. Ka ɗebe 0.33 daga 0.88, wato tan na kusurwoyin da cos ɗinsu ya ba da 0.95 da 0.75, ka ninka da 50, za ka samu kusan 28 kVAr, girman kafasitar da kake buƙata ke nan. A layin 400 V, karan, wato wutar da ke gudana a waya, zai sauko daga amfiya 96 zuwa 76. Kada ka kori 1.0, kwaɗayi ne.

Nan ne na taɓa shan kunya. A wani gidan niƙa na haɗa 30 kVAr dunƙule guda kai tsaye a layi, ba mai kunnawa ba mai kashewa. Muddin injuna na juyawa, lafiya lau. Ran nan aka ɗauke wuta, suka tayar da janareta, inji ɗaya kawai ke aiki. Kafasitar ta fi ƙarfin kayan, boltej ya dinga hawa yana sauka, janareta na haki, ƙwan fitila uku suka ƙone. Maigidan ya kalle ni ya ce, "Malam, gyara na kira ka ko ɓarna?" Daga aljihuna na biya.

Tun ranar ba na saka kafasita sai daki-daki, misali 5, 10 da 15 kVAr, kowace da kwantaktarta, wato makunninta, da na'urar da ke shigar da su gwargwadon buƙata. Kuma dole a haɗa kafasitar da makunnin canjin layi, yadda da zarar an koma janareta za ta fice. Da dare ma haka, in an tashi aiki ta sauka, don kada ta ɗaga boltej a unguwa.

Zoben awon karan na wannan na'urar ka sa shi a layin shigowa, kafin wuta ta kai ga kaya da kafasita duka, a fes ɗin, wato wayar, da takardar na'urar ta nuna. In akwai injin walda na inbata ko na'urar sauya gudun moto, ka haɗa da riyakta, wato naɗin waya mai kare kafasita, ta kashi 7 cikin ɗari, in ba haka ba kafasita za ta kumbura. Akwati ya samu iska, zafin Kumasi na rage mata kwana. Kafin ka taɓa ta, kashe, jira minti biyar, ka auna da mita tukuna.