Kurakuran da Muka Tafka a Ajin Dokar Mallakar Fasaha da Aikin Jarida

Takardar gwajina ta farko a wannan darasi ta dawo hannuna jan biro ya fi baƙi yawa. A gefen shafi na biyu Malam ya ja layi, ya rubuta kalma biyu kacal: "Wace NCC?" Na ce mawaƙin da aka saci waƙarsa ya kai kuka NCC, sannan na zauna na zuba bayanin hukumar da ke sa ido kan kamfanonin layin waya. Ashe hukumomi biyu ne ke amsa wannan suna. Ɗaya ta sadarwa ce, ɗaya kuma ta kare haƙƙin mallaka, kuma ita ce ta mawaƙa da marubuta da 'yan fim. Gyaran wannan bai wuce rubuta cikakken sunan hukuma a karon farko ba. Sauran kurakuran sun fi wuyar fita, domin da su muka taso tun daga gida da kasuwa.

Wanda ya fi kama mu shi ne cakuɗa haƙƙoƙi uku a tukunya ɗaya: haƙƙin mallaka, da na tambari, da na ƙirƙira. Da an ce mallakar fasaha, sai mu ce ai a je a yi rajista, ba mu tambayi rajistar me ba, kuma a ina. A kan gwaggona na gane bambancin. Tana daka yajin citta da na tafarnuwa a Tudun Wada, tana zubawa a 'yan robobi masu jan murfi, da takarda a liƙe mai hoton turmi da taɓarya. Wata rana aka kawo mata wata roba daga Kawo: murfi ja, turmi da taɓarya, sunan ma harafi ɗaya aka sauya. Ta ɗauko takardar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, da ta sa a leda a ƙarƙashin katifa ta miƙo mini, ta ce, "'Yar nan, tunda ke kike karatun shari'a, ga takardata, ki faɗa mini inda zan kai su."

Na ce, "Gwaggo, wannan ta sunan sana'a ce, ba ta tambari ba ce."

Ta ce, "To kuɗin da na biya fa?"

Kuɗin bai tafi a banza ba, amma abin da ya saya mata daban ne. CAC tana rajistar kamfani da sunan kasuwanci. Tambarin da ke jikin kaya kuwa, wato suna ko hoto ko alamar da mai saye ke gane kayanki da ita, ana yi masa rajista ne a ofishin tambura da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Kasuwanci da Zuba Jari ta Tarayya, bisa dokar 1965. Rajistar farko shekara 7 take yi, daga nan a riƙa sabuntawa duk shekara 14, kuma ana yin ta ne rukuni-rukuni, kayan yaji suna rukuni na 30. Wanda bai yi rajista ba bai rasa komai da komai ba, yana iya ƙarar mai sojan gona da kayansa, sai dai zai sha aikin nuna wa kotu cewa jama'a sun riga sun san shi da wannan alama. Na uku kuma shi ne haƙƙin ƙirƙira, na wanda ya ƙera sabon abu, misali wata sabuwar dabarar injin niƙa. Dokar 1970 ce ke kula da shi, kariyarsa shekara 20. Kafin ka ɗora biro a kan amsa, fara tambayar kanka: abin da ake rigima a kai rubutu ne ko waƙa ko hoto, alamar kaya ce, ko na'ura? Rabin makin tambayar yana nan.

Haƙƙin mallaka shi ne ya bambanta da sauran biyun, kuma a nan muka fi zamewa. Ba ya buƙatar rajista. Da zarar ka rubuta labarinka a takarda ko a waya, ko ka naɗi waƙarka, in dai aikin naka ne ba kwafa ka yi ba, doka ta riga ta rufa maka baya. Hukumar kare haƙƙin mallaka tana karɓar rajista ga mai so, kuma tana da amfani ranar da za a nemi shaida, amma ba ita ke haifar da haƙƙin ba. Sai dai akwai abin da marubutanmu na onlayin ba sa son ji: doka ba ta kare tunani, yadda aka fitar da shi take karewa. Labarin amarya da uwargida da muguwar uwar miji ba na kowa ba ne. In wata ta rubuta nata da kalmominta da tsarinta, ba ta ci miki komai ba, ko da ke kika riga ta. Amma in ta kwashi babi-babi ta sauya sunan Zainab zuwa Hafsat, wannan sata ce ko a gaban wa.

Daga nan sai kuskuren da nake ganin ya fi kowane yaɗuwa a Arewa yau, wato ɗaukar ambaton suna a matsayin izini. Mutum zai ɗauki littafin wata baiwar Allah da ta kwana tana bugawa a waya, ya karanta shi da murya, ya ɗora a YouTube, tallace-tallace na shigowa, ya rubuta a ƙasa cewa haƙƙin mallaka na marubuciya ne, Allah Ya ƙara basira. Addu'ar ta yi kyau, amma ba ta biya ba. Juya littafi zuwa sauti, ko fim, ko fassara shi zuwa wani harshe, duk haƙƙin mai littafin ne, sai ya yarda. Ambaton suna wani haƙƙi ne na daban da ke kan wuyanka ko ka sami izini. Haka zancen da ke yawo cewa in waƙa ba ta wuce daƙiƙa talatin ba babu laifi: babu wannan adadi a dokar Najeriya. Abin da ke akwai shi ne sassauci ga amfani na adalci, kamar nazari na ƙashin kai, binciken da ba na kasuwanci ba, sharhi, suka, barkwanci da rahoton labarai. Ko a nan kotu na duba dalilin amfanin, da irin aikin, da yawan abin da aka ɗiba, da kuma ko an kashe wa mai shi kasuwa. Mai shagon tura fina-finai a waya a Kasuwar Barci ba zai ce nazari yake yi ba.

Dokar da ake aiki da ita yanzu ita ce ta 2022, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta maye gurbin ta 1988. Da yawanmu mun yi karatu da tsofaffin takardun da muka gada daga 'yan ajin gaba, muka riƙa kawo sassan dokar da aka riga aka soke. Sabuwar ta zo da hanyar da mai haƙƙi zai rubuta wa masu shafin intanet su sauke abin da aka ɗora ba da izininsa ba, abin da tsohuwar ba ta san da shi ba. Duba shekarar da ke goshin takardar da kake haddacewa.

Lissafin wa'adi ma ya kayar da mu. Muna ɗauka in marubuci ya rasu, ko littafi ya tsufa har bangonsa ya yage, ya zama na kowa. Rubutu da waƙa da zane suna cikin kariya har shekara 70 bayan ƙarshen shekarar da mai su ya rasu. Abubakar Imam ya rasu a 1981, ke nan rubuce-rubucensa suna da sauran kariya har ƙarshen 2051. Mamman Shata ya rasu a 1999, sai ka lissafa da kanka. Hoto da fim da faifan sauti da shirin rediyo ko talabijin kuwa shekara 50 ne, kuma ba daga mutuwar kowa ake fara ƙirga su ba, daga fitowar aikin ne. Don haka waƙa ɗaya tana iya ɗaukar agogo biyu, na baitocin da na faifan. Tatsuniyoyin Gizo da Ƙoƙi ma ba a bar su a sake ba, dokar ta ware kariya ga al'adun gargajiya, hukumar ce ke riƙe da ita.

Sai batun "ai na biya". Wannan na sha gardama a kansa da yayana, mai ɗaukar hoton biki a Unguwar Rimi, kuma abin dariya shi ne shi doka ta fi ba gaskiya amma bai sani ba. Asalin haƙƙin hoto na wanda ya ɗauka ne. Amaryar da ta biya ta sami damar amfani da hotunanta a harkar da ba ta kasuwanci ba, kuma tana da ikon hana a yaɗa su. Ke nan Yaya ba zai liƙa fuskarta a allon tallarsa in ta ce a'a ba, ita kuma ba za ta sayar wa mai kanti hoton ya yi tallar leshi ba. Mai son a sallama masa haƙƙi dungurungum sai an yi a rubuce an sa hannu. Musafaha da "ba komai, Alhaji" ba sa sallama haƙƙin mallaka, kuma mawaƙa da marubutan labarin fim nawa ne suka yi kuka a kan wannan gaɓa.

Wace kotu za a je? Mun sha rubuta kotun majistare ko kotun shari'a saboda su ne kusa da gida. Sashe na 251 na kundin tsarin mulkin 1999 ya keɓe shari'ar haƙƙin mallaka da tambari da ƙirƙira ga Babbar Kotun Tarayya, kuma tana da zama a nan Kaduna.

Ɓangaren aikin jarida kuwa, a ɗakin labarai na koyi darasin, lokacin da aka tura ni sanin makamar aiki a wani gidan rediyo. Na rubuta labarin wani shugaban ƙungiya da ake raɗe-raɗin ya cinye kuɗin mambobi. Na yi ta yayyafa "an ce" da "ana zargin" kamar gishiri, ina jin na tsare kaina. Editan, dattijo mai tabarau a kan hanci, ya karanta, ya zagaye kowace "an ce" da biro, ya ƙirga su shida, ya ɗago.

"Ɗiyata, wa ya ce?"

"Ranka ya daɗe, a Facebook na gani, kuma mutane da yawa sun tura."

"To in ya kai mu ƙara, Facebook za ki kira shaida?"

Labarin bai fita ba sai da na nemo takardar koken da mambobin suka rubuta, na kuma kira mutumin ya faɗi nasa. Maimaita ɓatanci a idon doka sabon ɓatanci ne. Wanda ya tura saƙo daga wani zaure na WhatsApp zuwa wani, shi ma ya yaɗa. Abin da ke kare ɗan jarida shi ne ya iya tabbatar da gaskiyar maganar, ko ya zama ra'ayi ne na tsakani da Allah a kan al'amarin da ya shafi jama'a kuma an gina shi a kan gaskiya, ko rahoto ne na adalci daga zaman kotu ko majalisa. Magana zarar bunu ce, a rediyo ma ta fi haka, domin kafin ka nemi afuwa ta kai Birnin Gwari.

Wani abin da ya ruɗe mu shi ne littattafan da muka fi samu Kudu aka rubuta su, suna kawo sassan kundin laifuffuka na can. Arewa da nata kundin, wato Final Kod, take aiki, wanda a cikinsa ɓata suna ke sashe na 391, Jihar Kaduna kuma ta yi nata sabon kundin a 2017. Buɗe na jihar ka ciro lambar sashe daga can. Ka kuma tuna ɓata suna yana da ƙofa biyu, ta neman diyya da ta laifi, kuma ga mai rubutu a intanet akwai ta uku: sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wanda aka sha kama 'yan jarida da shi kafin a rage faɗinsa a gyaran 2024. Mai kawo tsohon lafazinsa a jarrabawa ya yi asarar maki.

Mun kuma riƙa jingina 'yancin ɗan jarida da sashe na 22 na kundin tsarin mulki, saboda shi ne ya ambaci jaridu da rediyo da talabijin ƙarara, ya ɗora musu nauyin bin diddigin gwamnati. Amma yana babi na biyu, wanda kotu ba ta tilasta aiwatar da shi. Wanda ake riƙewa a gaban alƙali shi ne sashe na 39, kuma bai ce ɗan jarida ba, kowane mutum ya ce. Shi ma yana da linzami a sashe na 45, saboda tsaro da zaman lafiya da haƙƙin wasu. A sashe na 39 ɗin ne kuma aka ce kafa gidan rediyo ko talabijin sai da amincewar Shugaban Ƙasa, shi ya sa neman lasisi ke bi ta hannun NBC, hukumar da ke kula da gidajen rediyo da talabijin, wadda aka kafa a 1992. Duk wanda ke ganin waɗannan sassa haddar banza ce, ya karanta abin da ya sami Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar Guardian, da aka ɗaure shekara ɗaya ƙarƙashin Dokar Soja ta 4 ta 1984.

Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 kuwa, ba mu yi mata kuskuren fahimta ba, mantawa muka yi tana nan. Kowa na iya rubuta wa ma'aikatar gwamnati ya nemi takarda, ba sai ya faɗi dalilinsa ba, kuma kwana 7 aka ba su su amsa, da damar ƙarin wasu 7 in bayanan na da yawa. Malam ya sa kowannenmu ya rubuta irin wannan wasiƙa ya kai da ƙafarsa. Inda yawancinmu muka faɗi shi ne mun miƙa takarda mun juyo, ba mu tsaya an buga mana hatimin karɓa da kwanan wata a kwafinmu ba. In babu wannan hatimi, daga ina za ka fara ƙirga kwana bakwai? Ni sai da na sake hawa Keke Napep na koma washegari, na zauna a benci har magatakarda ya dawo daga sallar azahar.

Gwaggo dai ta tura takardun tambarinta Abuja. Kafin su fito ta sauya murfin robobin zuwa kore, ta ce masu saye su riƙa tambayar mai koren murfi.