Aikin renon yara a Jamus: shawara ga malamar da ta sauka ba da daɗewa ba

Duk wadda ta zo Jamus domin aiki a makarantar ƙananan yara, wadda ake kira Kita a nan, za ta tarar cewa takardu ne ke fara tarbar ta kafin yara. Wajibi ne ta yi rajistar adireshinta a ofishin gari cikin makonni biyu da tarewa, sannan za a nemi takardar shaidar rashin aikata laifi, da shaidar rigakafin ƙyanda, wadda doka ta wajabta tun watan Maris na 2020 a kan ma'aikatan da aka haifa bayan 1970. Amincewa da takardar karatun da aka zo da ita kuwa hurumin kowace jiha ne, kuma galibi sai an kai matakin B2 a Jamusanci, wato matakin iya harshen da ya ɗara matsakaici, don haka kada ki ɗauki fara aiki a matsayin mataimakiya kamar wani ƙasƙanci.

Abin da ya fi ba ni mamaki a makonnin farko a birnin Kolon shi ne rashin allo da alli. Ba a jera yara a benci ana biya musu baƙaƙe. Wasa shi ne karatun, kuma ana fita da su waje ko da ana yayyafi. Sanya wa yara ashirin wandon roba da takalmin ruwa da hula da safar hannu aiki ne mai cin rai, domin kafin ki gama da na ƙarshe, na farko ya cire nasa yana cewa fitsari yake ji. Yaran za su kira ki da sunanki gatsal, babu Malama babu Anti, kuma wannan ba raini ba ne. Duka kuwa, ko ranƙwashi ne, doka ta haramta shi har ga iyaye tun shekarar 2000, kuma malamar da ta kuskura ta ɗaga hannu tana iya rasa aikinta.

Bukukuwan shekara wani ɓangare ne na aikin, ba abin da za ki tsaya daga gefe kina kallo ba. Wani babba da za ki ci karo da shi a kaka shi ne na Sankt Martin, ranar 11 ga Nuwamba, wanda ake yi domin tunawa da wani sojan Rumawa da aka ce ya raba alkyabbarsa biyu ya ba wani mabaraci rabi a tsakiyar hunturu. Makonni kafin ranar za ku duƙufa da yara wajen haɗa fitilun takarda, hannu duk gam, sai kuma da magariba a fita jerin gwano a bayan mahayin doki ana rera waƙoƙi. A yankinmu na kogin Rayin, yara kan bi gida gida bayan jerin gwanon suna waƙa ana ba su alewa, abin da ya tuna mini da tashe har na tsaya a bakin titi ina murmushi ni kaɗai. Ki haddace waƙoƙin tun a watan Oktoba, domin iyaye suna lura da malamar da ke motsa baki kawai.

Daga nan sai bikin Nikolaus, wani waliyyin Kiristoci, ranar 6 ga Disamba, lokacin da yara ke samun lemo da cakulan a cikin takalmi ko safa, sai shirye-shiryen Kirsimeti, sai Karneval, bikin shagali da jerin gwano kafin azumin Kirista, wanda a Kolon ba a ɗaukarsa da wasa, domin har malamai suna zuwa aiki cikin shigar ban dariya. Idan akwai abin da addininki bai yarje miki ba, ki gaya wa shugabar makaranta da wuri cikin lumana, kuma tun kafin karɓar aiki ki tambaya ko makarantar ta coci ce ko ta hukumar gari, saboda yawan addu'o'i da shiga coci ya danganta da hakan. Ki kuma riƙa duba alewa mai danƙo da ake rabawa, domin da yawa akwai sinadarin alade a ciki. Iyayen yara Musulmi za su gode miki a kan haka.

Sallarmu ce ke buƙatar shiri na musamman, domin ba ranar hutu ba ce a Jamus. Makarantu da yawa suna rufewa na wasu makonni a lokacin zafi da kuma tsakanin Kirsimeti da sabuwar shekara, ana cire kwanakin daga hutun ma'aikaci, sai a wayi gari ragowar ba ta da yawa. Shekarata ta farko na yi sakaci sai ana saura kwana uku na nemi izini, na tarar abokan aiki biyu suna hutu, na yi Ƙaramar Sallah ina canza wa yara kunzugu. Yanzu tun watan Janairu nake rubuta kwana biyu a jadawali, kasancewar masallatai da yawa a nan lissafi suke bi ba ganin wata ba, ranarsu kuma tana iya saɓa wa sanarwar Sarkin Musulmi da 'yan gida ke jira. Layya ba a yanka ta a tsakar gida, shi ya sa yawancinmu muke tura kuɗin rago gida.

Washegarin Sallah nakan shiga aiki da atamfata da lallena, da dabino da cincin a roba, bayan na tambayi shugaba ko akwai yaron da jikinsa ba ya karɓar wani abinci. Bara wata yarinya 'yar shekara huɗu ta riƙe tafin hannuna tana bin zanen lallen da yatsa, daga ƙarshe ta tambaye ni ko mahaifiyata ta san na yi zane a jikina.