Kurakuran da masu zuwa kallon daji su kaɗai suka fi yi a ƙasashen zafi

Tambayoyin da sababbin masu sha'awar kallon daji suke yi mini ba sa sauyawa, haka ma kurakuran da suke tafkawa bayan an ba su amsa. Mutum zai zaɓi ƙasa mai zafi da yawan ruwan sama, kamar Kosta Rika ko Yuganda ko Malesiya, ya ce zai tafi shi kaɗai da ɗan guzurin da ya tara domin ya ga tsuntsaye da birai da duwatsu, sannan ya kwashe makonni yana farautar tikitin jirgi mafi araha da makwanci mafi sauƙin kuɗi, alhali abin da zai cinye masa kuɗi da lokaci yana can wani wuri da bai ko leƙa ba. Abin da zan faɗa a nan shi ne yadda ni nake yi, kuma na san akwai matafiyan da suka fi ni daɗewa a harkar da ba za su yarda da wasu daga cikin ɗabi'una ba.

Babban kuskure shi ne fara lissafin kuɗi daga masauki da abinci. A yawancin waɗannan ƙasashe ɗaki da abinci su ne mafi sauƙi a cikin tafiyar, tsadar tana ƙofar gandun daji, da hannun ɗan jagora, da kuma motar ko kwale-kwalen da zai kai ka can. A Ruwanda takardar izinin ganin goggon biri dala 1,500 ce tun 2017, a Yuganda kuma ta koma dala 800 ga baƙon da ya zo daga nesa tun tsakiyar 2024, kuma abin da za ka samu da wannan kuɗi awa ɗaya ce tak a gaban dabbobin, cikin ayarin da bai wuce mutum takwas ba. Tsibiran Galapagos na ƙasar Ekwado sun ninka kuɗin shiga zuwa dala 200 a watan Agustan 2024. Gandun dajin Corcovado na Kosta Rika ba a shigarsa sai da ɗan jagora mai lasisi tun 2014, haka nan dutsen Kilimanjaro a Tanzaniya da dutsen Kinabalu a Malesiya, doka ba ta yarda ka hau su kai kaɗai ba komai ƙwarewarka. Wanda bai sa waɗannan a saman lissafinsa ba, zai isa ƙofar abin da ya baro gida dominsa ya tarar ba shi da halin shiga.

Ga mai tafiya shi kaɗai kuwa abin ya fi muni, domin kuɗin jagora da na sufuri yawanci ba a kan kai ake yanke su ba. Mai kwale-kwale kuɗin jirginsa yake faɗa, ko mutum ɗaya ya ɗauka ko shida, ɗan jagora kuɗin wuninsa yake karɓa, mai mota kuma kuɗin mai da na tafiyar. Farashin da ka karanta a rubutun wani matafiyi sau da yawa kasonsa ne bayan sun raba shi da abokan tafiyarsa, amma ba zai tuna ya faɗa maka hakan ba. Wannan ya taɓa cin kuɗina ƙwarai. Na isa wani ƙauye a bakin kogi da adadin da na rubuta a takarda, mai jirgin ya faɗi ninkin-ba-ninkinsa, na ɗauka zai cuce ni ne don ya ga baƙo, har muka yi musu, daga baya na gane gaskiya ya faɗa, kuɗin jirgin ke nan gaba ɗayansa. Na zauna jiran waɗanda za mu haɗa kuɗi, ba wanda ya zo saboda ba lokacin baƙi ba ne, kullum ina biyan kuɗin ɗaki a banza, a ƙarshe na biya jirgin ni kaɗai, na kuma soke sauran wuraren da na tsara zuwa. Har yanzu idan na ga wani yana alfahari da cewa ya samu gado mai arha alhali bai san nawa ne kuɗin jirgin da zai kai shi daji ba, raina yakan ɓaci.

Maganin da na riƙe tun daga lokacin shi ne in fara rubuta wuri biyu ko uku da su ne dalilin tafiyar, in nemo kuɗin shiga daga shafin hukumar gandun dajin kanta, in haɗa da na jagora da na sufuri, abin da ya rage shi ne na kwana da ci. Duk farashin da aka faɗa mini sai na tambaya ko na mutum ɗaya ne ko na jirgin ne duka, da kuma mutum nawa ake buƙata kafin a tashi. Nakan sauka a masaukin matafiya mai ɗakin kwana na taro ko da ina da halin kama ɗaki nawa, saboda a nan ake samun waɗanda za a raba kuɗin jagora da su. Inda kuma akwai jirgin haya na jama'ar gari, kamar hanyar Tortuguero a Kosta Rika wadda mota ba ta shiga sai jirgin ruwa ko na sama, shi nake bi. Ina kuma ware kashi ɗaya cikin biyar na guzurina, ba na taɓa shi sai dole, kuma wani ɓangare nasa tsabar kuɗi ne, don ƙauyukan bakin daji ba kasafai ake samun na'urar cirar kuɗi a cikinsu ba.

Kuskure na gaba shi ne ɗaukar cewa ƙasa ɗaya damina ɗaya gare ta. A Siri Lanka ruwan da ke sauka daga Mayu zuwa Satumba kudu maso yammacin tsibirin yake dukawa, gabashi kuwa nasa ruwan sai wajen ƙarshen shekara. A Kosta Rika ɓangaren tekun Fasifik yana cikin damina daga Mayu zuwa Nuwamba, amma a Satumba da Oktoba, lokacin da ruwan ya fi ƙarfi a can, ɓangaren tekun Karibiyan ya fi samun sarari. Tsibiran gaɓar gabas ta zirin Malesiya irin su Perhentian yawancin masaukansu rufewa suke yi daga Nuwamba zuwa Fabrairu, a gabashin Afirka kuma damina biyu ce, babba daga Maris zuwa Mayu, ƙarama wajen Oktoba zuwa Disamba. Saboda haka yanayin yankin da za ka je za ka bincika, ba na babban birnin ƙasar ba. Ni dai na fi son tafiya a farkon damina ko ƙarshenta, lokacin da farashi ya sauka, jama'a suka ragu, ruwan kuma yawanci da yamma yake zuwa ya bar maka safiya. Tsakiyar damina ce nake gudu, don a lokacin ne hanyoyi ke yankewa, ƙasa ke zaftarewa a kan tsaunuka.

Akwai kuma masu cusa wuri bakwai cikin mako biyu saboda sun duba taswira sun ga ƙasar ƙarama ce. Kilomita ɗari a hanyar tsauni mai laka tana iya cinye rabin wuni, motar haya ba ta tashi sai ta cika, jirgin ruwa kuma wani wurin sau ɗaya ko biyu yake tashi a rana. Kowane sauyin wuri kuɗi ne, kuma dabbar daji ba ta fitowa don ka iso. Wanda ya kwana uku a wuri guda yana fita da asuba ya fi ganin abin kallo a kan wanda ya ratsa gandun daji biyar da tsakar rana, lokacin da komai ya fake a inuwa.

Yanzu sai kuskuren da ba kuɗi kaɗai yake ci ba, wanda kuma shi ne ya fi ba ni haushi, wato mutum ya shiga daji shi kaɗai bayan azahar ba tare da ya faɗa wa kowa ba, don kawai ya tsira da kuɗin jagora. Garin neman ƙiba ake samo rama. Kusa da layin ikwaita, wanda ya raba duniya arewa da kudu, rana wajen ƙarfe shida ko bakwai take faɗuwa duk shekara, duhu kuma ba ya jira, a ƙarƙashin manyan itatuwa ma tun kafin faɗuwar rana ido yake fara gazawa. Hanyar da ka bi da safe kana ganinta sarai, idan ruwa ya sauka ganyaye suka kwanta a kanta sai ta ɓace, ƙoramar da ka tsallake da ƙafa tana iya cika ta kawo cikin ɗan lokaci saboda ruwan da aka yi a kan tsauni, wanda kai ko ɗigonsa ba ka gani ba. Wayar da ka dogara da ita babu sabis a ciki, zafi da danshi kuma suna zuƙe batirinta. Idan kana da abokin tafiya ka gurɗe ƙafa, shi zai je neman taimako. Kai da kake kai kaɗai wa zai je? Wa ma ya san ka fita? Na sha jin matasa suna cewa ai sun saba tafiyar ƙafa, kamar sabo da tafiya a fili shi ne sanin kurmi. Ɗan jagora ya san inda maciji ke kwanciya, ya san kukan da ke nuna birai na kusa, ya san launin ruwan da bai kamata a shiga ba, kuma mafi yawan abin da za ka gani a dajin shi ne zai nuna maka, don idon baƙo ganye kawai yake gani. Kuɗinsa shi ne na ƙarshe da ya kamata a taɓa idan ana neman rage kashe kuɗi.

Ɗabi'ata a nan ba ta sauyawa. Kafin in fita nakan rubuta wa mai masauki hanyar da zan bi da lokacin da zan dawo, in kuma aika wa wani nawa saƙo iri ɗaya. Inda akwai littafin rajista a ƙofar gandu nakan sa hannu, da shiga da fita. Nakan sauke taswira a waya tun ina da intanet, in ɗauki tocilar goshi ko da da safe zan fita, in sa wa kaina ƙarfe biyu a matsayin lokacin juyawa ko na kai inda na nufa ko ban kai ba. Wasu za su ce wannan tsoro ya yi yawa, su suka sani.

Batun lafiya ma ana yawan barinsa sai mako na ƙarshe. Takardar rigakafin shawara ba ta fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, kuma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa, amma ƙasashe da dama ba za su bar ka ka shiga ba tare da takardar ba idan ka fito daga inda cutar take. Maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro akwai wanda ake ci gaba da sha bayan an dawo, doksisaikilin ma mako huɗu ake ƙarawa, don haka a ga likita da wuri. Gidan sauro kaɗai bai isa ya kare mutum daga zazzaɓin dengi ba, saboda sauron da ke yaɗa shi da rana yake cizo, kuma idan ana zargin shi ne, farasitamol ake sha, a guji asfirin da ibufurofen domin suna ƙara haɗarin zubar jini. Biri ko kare ya cije ka ko ya yakushe ka, ka wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15 ka nufi asibiti a ranar saboda ciwon haukan kare, kuma tun farko kada ka miƙa wa biri abinci. Inshorar tafiya kuwa a karanta ta a ga ko ta haɗa da ɗauko mutum daga daji da hawan dutse, don mai arha yawanci ta cire su.

Sauran ƙanana ne, amma suna ɓata tafiya. Kada a ce ƙasar zafi ce a bar rigar sanyi a gida, domin zafi yana raguwa da kusan digiri shida a kowace mita 1,000 ta hawa, garin Monteverde na Kosta Rika yana wajen mita 1,400, Kinabalu kuma mita 4,095 ne. Tufafin auduga masu kauri ba sa bushewa a cikin danshi. Sabon takalmi a fara taka shi a gida. A kurmin tsibirin Borneo akwai matsattsaku, doguwar safa ta wadatar. Kada a yi wanka a tafkin Malawi ko na Biktoriya ba tare da sanin akwai tsargiya ba. Idan igiyar ruwan teku ta ja mutum ciki, ya yi iyo a gicciye yana bin tsawon gaɓa har ya fita daga cikinta, kada ya yi kokawa da ita. Fasfo da waya a sa su a leda mai rufewa. A duba ranakun rufewa, gandun Manuel Antonio na Kosta Rika ba ya buɗewa ranar Talata, hanyar Inka ta ƙasar Peru, wadda ake bi da ƙafa zuwa kufan birnin Machu Picchu, ita kuma rufe take duk watan Fabrairu, izininta ma watanni kafin lokaci yake ƙarewa.

Tikitin jirgi mafi arha shi ma a duba ta inda ya biyo, don wanda zai ya da zango a Amurka sai yana da izinin shiga ƙasar ko da ba zai fita daga filin jirgi ba, kuma ƙasashe da yawa suna neman fasfo ya kasance da sauran wata shida, su kuma nemi ganin tikitin fita. Ranar komawa kuwa, kada a tsara fitowa daga daji da hawa jirgi a wuni ɗaya. Ni kwana ɗaya nake bari a garin da filin jirgin yake, saboda gada ɗaya idan ruwa ya cinye ta, kuɗin sabon tikiti ya fi duk abin da aka tsimi a tafiyar.