Yadda Ake Zaɓar Sunan Sabon Kasuwanci

Mai kasuwanci shi ne yake raɗa wa sana'arsa suna, amma masu saye ne za su riƙa yawo da sunan a bakinsu, su faɗa wa junansu, su rubuta a waya, su nema a intanet. Don haka abin da ya kamata ka fara dubawa shi ne ko sunan zai zauna a bakin wanda bai taɓa jin sa ba, domin sunan da ya burge ka kai kaɗai bai yi maka aikin komai ba. Ka tara sunaye da dama a takarda, kada ka yi gaggawar soke ko ɗaya, sannan ka bar su su kwana biyu, saboda wanda ya yi daɗi yau sau da yawa yakan gundure ka jibi.

Gwajin da ya fi kowane amfani shi ne na kunne. Ka kira mutum a waya, ka faɗi sunan sau ɗaya, ka ce ya maimaita kuma ya rubuta. Idan sai ka jero masa haruffa ɗaya bayan ɗaya kafin ya gane, to ka san haka za ka yi ta fama da kowane mai saye. Jeff Bezos ya fara kiran kamfaninsa na sayar da kaya ta intanet Cadabra a 1994, sai wani lauya ya ji sunan kamar "cadaver", kalmar Turanci da ke nufin gawa, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa aka koma Amazon. Tsawo ma matsala ce. Kamfanin Japan da aka kafa a 1946 da sunan Tokyo Tsushin Kogyo ya lura cewa mutanen ƙetare ba sa iya furta shi, shi ya sa ya koma Sony a 1958, gaɓa biyu kacal.

Bayan kunne sai hangen gaba. Sabon ɗan kasuwa yakan so ya sa hajarsa a cikin sunan domin a gane abin da yake sayarwa, kuma hakan yana taimakawa da farko, sai dai yana ɗaure shi idan harka ta buɗe. Amazon da littattafai ya fara, da kuwa an sa kalmar littafi a sunansa da ta zame masa ƙarfen ƙafa. Apple Computer ma sai da ya jefar da kalmar Computer a 2007, shekarar da ya fito da iPhone. A ganina, gara suna ya tsaya shi kaɗai, a rubuta bayanin haja a ƙarƙashinsa, inda za a iya sauya shi ba tare da asara ba. Sa sunanka na yanka kuma yana jawo amana, amma ka tuna cewa ranar da za ka sayar da kasuwancin ko ka ɗauki abokin tarayya, sunanka ne zai koma hannun wani.

Idan kana sa ran masu saye da ke magana da wasu harsuna, ka tambayi masu harshen abin da sunan yake nufi a wurinsu. Motar Mitsubishi Pajero an riƙa sayar da ita da sunan Montero a Sifaniya da wasu ƙasashen da ke jin Sifaniyanci, domin kalmar ta farko batsa ce a can.

Sashen da mutane suka fi yi wa sakaci shi ne na doka, alhali nan ne asara ta fi girma. Rajistar sunan kamfani daban take da rajistar alamar kasuwanci: ta farko tana ba ka damar gudanar da harka da sunan, ta biyu ita ce take hana wani amfani da shi a kan irin hajarka. Ana rarraba alamomin kasuwanci bisa tsarin da aka amince da shi a birnin Nice na Faransa a 1957, wanda yake da rukuni 45, wato 34 na kaya da 11 na ayyuka, don haka sai ka san rukunin da harkarka ta faɗa kafin ka bincika ko wani ya riga ka. Ka kuma sani cewa kalmar da kawai take siffanta haja, irin su mai kyau ko mai sauƙi, da wuya hukuma ta mallaka wa mutum ɗaya, yayin da ƙirƙirarren suna irin Kodak na kayan ɗaukar hoto, wanda George Eastman ya yi wa rajista a 1888, ya fi samun kariya. Girman kamfani ma ba ya ceton sa: kamfanin kokawa na Amurka da aka sani da WWF dole ya koma WWE a 2002, bayan ƙungiyar kare namun daji mai haruffa iri ɗaya ta yi nasara a kansa a kotun Ingila.

Idan binciken ya nuna babu mai sunan, ka duba ko adireshin intanet da shafukan sada zumunta masu wannan suna suna nan ba a ɗauka ba, ka kama su a rana ɗaya da miƙa takardun rajista. Allon shago, rasit, hatimi da kwalin kaya kuwa, ka dakata da buga su har sai takardar amincewar hukuma ta shigo hannunka.