Kurakuran da muke tafkawa da maganin ƙwari, musamman a ajiyar wake

Kaka ta kama, wake ya fara cika kasuwar Tudun Hatsi ta Gombe, to yanzu ne lokacin da ake ɓarnar. Za ka ga mutum ya shanya wake a tamfal, ya ɗauko fiya-fiya ya huda murfin kwalbar da ƙusa yana yayyafawa, yaronsa na cuɗawa da hannu ba safa ba komai, a ɗura a buhu a ɗinke. In ka yi magana ya ce ai kafin a ci ya huce. Wa ya ce maka ba gobe wata za ta auni mudu biyu ta yi ƙosai ba?

Sinadarin da ke cikin fiya-fiya sunansa dichlorvos, a kwalba za ka ga an rubuta DDVP, kuma ba a yi shi don a zuba kan abinci ba. Shi ne ya ja Tarayyar Turai ta rufe wa busasshen waken Najeriya ƙofa tun 2015, saboda yawan da suke samu a ciki ya wuce ƙa'idarsu nesa ba kusa ba. A 2019 NAFDAC ta hana saida ƙananan kwalabensa a kasuwa, amma har yau ga su nan a baron masu yawo.

Gyaran ba wuya wallahi. Ka bar wake ya bushe ƙayau, ka ciji ƙwaya ɗaya ka ji ta ce ƙas, sannan ka zuba a buhun PICS mai leda biyu a ciki, ka matse iska ka ɗaure kowace leda daban. Ƙwaro numfashi yake yi kamar ni da kai, in iska ta ƙare shi ma ya ƙare. Jarka mai kyan murfi ita ma tana yi in ka cika ta taf. Inda mutane ke kuskure, su riƙa buɗewa duk sati suna leƙawa, ko su jingina buhun inda ɓera zai huda, daga baya su ce buhun ƙarya ne.

Sai ƙwayar bam, wadda ake sawa cikin hatsin da aka ajiye don ta kashe ƙwari. Iskar guba take fitarwa, don haka ba a sa ta a ɗakin da ake kwana ko wanda ke manne da shi, yara ake rasawa a haka. A ƙulle ta a ƙyalle, kar garinta ya gauraya da hatsi.

Masu noman rani na Dadin Kowa ku ma da naku: a fesa wa tumatir yau, jibi a cire a kai kasuwa. A jikin kwalbar akwai kwanakin da za a jira, in ba ka iya karantawa ka ba ɗalibi ya duba maka. Ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Magungunan feshi paraquat, chlorpyrifos da atrazine duk hukumar ta sa su a jerin waɗanda ta haramta tsakanin 2024 da 2025, in mai shago ya miƙo maka da araha ka san tsohon kaya yake neman kai da shi.

In kuma tsautsayi ya faɗa wani ya sha ko ya shaƙa, don Allah a daina tsayawa ɗura manja da madara ko sa shi amai. A cire masa rigar da ta jiƙe, a wanke jiki da sabulu, a wuce asibiti da kwalbar a hannu don likita ya ga me ya sha.