Yanda za ka yi amfani da hifnosis ka rage fargabar hawa siteji

Duk wanda ya taɓa tsayawa bayan labule yana jiran lokacin shigarsa ya san abun da nake nufi. Baki ya bushe ƙamas, tafin hannu ya jiƙe sharkaf, gwiwa na kyarma, zuciya na dukan uku-uku, layin da ka haddace tun wata guda kaman an wanke allo. Ni a aji biyu abun ya same ni, wasan faraktikal ne kuma rol ɗin ma ba wani babba ba, ɗan aike ne zai shigo fada ya faɗi gaisuwa ya isar da saƙo jimla huɗu ya fita. Na shigo na zube na ce ranka ya daɗe, shikenan kai ya ɗauke wuta. Wanda ya fito a sarki ne ya cece ni, ya ce "ɗan aike, ko labarin ya fi ƙarfin bakinka ne?" 'yan kallo suka yi dariya sun ɗauka cikin wasan ne. Darakta kam ya san ba ciki ba ne, kallon da ya min daga gefe har yau ban manta ba.

To ƙannena masu karanta wasan kwaikwayo da waƙa da rawa, ga abun da ya taimake ni daga baya, hifnosis. Na san da jin sunan wani zai ce a'uzubillahi, don abun da muke gani a YouTube shi ne wani mutum ya kaɗa agogo a gaban mutane su ɓingire ko su dinga kukan kaza. Wancan wasan nishaɗi ne. Wanda ake magani da shi ba tsafi ba ne ba rufa ido ba ne, ba ruwansa da bori. Ka taɓa nutsewa cikin karatun labari har Umma ta kira ka sau uku ba ka ji ba? To kusan wannan yanayin ne, sai dai da gangan ka shiga, kana ji kana sane, duk sanda ka ga dama ka buɗe ido ka tashi, kuma ba mai sa ka yin abun da ba ka yarda da shi ba. Wani likitan fiɗa ɗan Sikotland mai suna James Braid da ya yi aiki a Manchester shi ya yaɗa sunan wajen shekarun 1840, daga kalmar Girkanci mai nufin bacci, duk da ba baccin ake ba. Ƙungiyar likitocin Birtaniya ta amince da amfani da shi a aikin likita tun 1955.

Masu karanta kiɗa ma suna da nasu labarin. Rachmaninoff, makaɗin fiyano ɗan Rasha, a 1897 aka fara kaɗa babban aikinsa na farko a Saint Petersburg abun ya watse, masu sharhi suka yi masa kaca-kaca, ya yi kusan shekara 3 ya kasa rubuta abun kirki. A 1900 ya fara zuwa wajen wani likita a Mosko, Nikolai Dahl, yana zaunar da shi a kujera ya nutsar da shi yana ta maimaita masa cewa zai fara rubutu kuma aikin zai yi kyau. A 1901 ya kammala aikin fiyanon da ya dawo masa da suna, ya sadaukar da shi ga likitan. Gaskiya dai nasa ya fi kama da karayar zuciya ba fargabar siteji zalla ba, amma tushen ɗaya ne, an taɓa jin kunya a gaban jama'a jiki ya riƙe abun.

Abun da ke faruwa a jikinka ba wani sirri ba ne. Ƙwaƙwalwa ta ga idanu sun yi maka caa sai ta ɗauka haɗari ne, ta sa a saki sinadarin adirenalin mai zaburar da jiki, jini ya tafi manyan tsokoki don gudu ko faɗa, miyau ya ƙafe, numfashi ya koma sama-sama a ƙirji, kuma wannan na ƙarshen shi ke kashe ɗan wasa da mawaƙi saboda da numfashi murya ke fita. Ba so ake a kashe tsoron gaba ɗaya ba fa, ɗan kaɗan ɗinsa shi ke sa ka farka, wanda ba ya jin komai sau da yawa wasansa lami ne. So ake jikin ya saba.

Ka fara sati 3 ko 4 kafin ranar, minti 10 zuwa 15 kullum. Wanda ya bari sai daren jajiberi ya ɓata lokacinsa, ba a fafe gora ranar tafiya. Ni bayan asuba nake yi kafin hostel ya tashi da hayaniyar bokiti. A zaune kan kujera, ƙafa a ƙasa, kar ka kwanta don wallahi bacci za ka yi, waya kuma a kashe ta.

Ka kafa ido kan wani abu ɗan sama da saitin idonka, ko ƙusa ce a bango. Ja numfashi ta hanci kana ƙirga 4, cikinka ya kumbura ba kafaɗa ba, ka sake shi a hankali kana ƙirga 6 ko 8, fitarwar ta fi shaƙar tsawo, ita ke rage gudun zuciya. Ido zai fara nauyi da kansa sai ka lumshe. Daga nan ka bi jikinka kana sakinsa daga yatsun ƙafa zuwa sama, ka daɗe a kafaɗa da muƙamuƙi da harshe don nan 'yan wasa ke tara ɗaurewa. Sai ka ƙirga daga 10 zuwa 1 kaman kana sauka daga bene, kowane taki ka ƙara nutsuwa, a ƙasan benen ka tarar da wani waje da ranka ke kwanciya. Nawa gindin darbejiyar ƙofar gidan kakata ne da yamma bayan an yayyafa ruwa an yi shara, har ƙamshin ƙasar nake jawowa. Tunanin bashin mai shago zai faɗo, ƙyale shi ya wuce ka koma ƙirgarka, ba ka ɓata komai ba.

Yanzu aka zo wajen, duk na baya share fage ne. Kana cikin wannan nutsuwar sai ka ɗauko ranar wasan ka bi ta daki-daki, kana sa kostum, zafin fitila a fuska, ƙarar fanka, malaman da ke layin gaba da biro a hannu, abokanka na baya da ka san za su yi ihu. In ka ji gaba ya fara faɗuwa kar ka gudu, ka tsaya nan ka yi numfashin nan har ya lafa tukunna ka ci gaba. Kuma dan Allah kar ka dinga hango wasa mai kyau kawai ana maka tafi. Ka hango ka manta layi, ka ga kanka ka ja numfashi ɗaya, ka kalli abokin wasanka, ka kama daga inda ka tuna. Mai rawa ta hango ta kuskure taki ta koma kan kiɗa ba ta ɓata fuska ba. Wannan ɓangaren shi ya fi min amfani, don abun da nake tsoro ba mantuwar ba ce, rashin sanin abun yi bayan mantuwar ne.

Maganar da za ka faɗa wa kanka ta zama gajera, da harshen da kake tunani da shi, kuma wadda za ka iya yarda da ita. "Ba zan ji tsoro ba" ƙarya ce kai ma ka sani, kuma tsoron kake ƙara ambata. Gara "ko zuciyata ta buga, muryata za ta fita", ko "jimlar farko kawai, sauran za su biyo". Biyu ko uku sun isa, ka maimaita a hankali. Lokacin da ka ji nutsuwar ta kai, sai ka haɗa babban yatsa da manuni ka ɗan matsa, kullum haka, da maimaici jiki zai haɗa matsawar da kwanciyar hankalin. In ka gama ka ƙirga 1 zuwa 5 ka buɗe ido ka yi miƙa. In riƙe matakan na ba ka wahala ka yi rikodin muryarka kana faɗinsu a hankali ka dinga sa iyafis, amma ban da lokacin tuƙi ko kana kan mashin.

Ka gwada matsa yatsan a rihazal tun kafin ranar, musamman ranar da darakta ya fusata yana ta a sake a sake.

Mutane ba ɗaya ba ne, wasu nan da nan suke nutsewa, wasu kaɗan da ƙyar, yawancinmu muna tsakiya, ni sai da na yi wajen kwana 10 kafin na ji wani bambanci. Kuma in ba ka haddace layinka ba babu hifnosis ɗin da zai haddace maka.

In abun naka ya wuce na siteji, kana amai, ba ka bacci, kana guje wa lakca saboda kar a ce ka tashi, to ka nemi likitan halayyar ɗan Adam, akwai su a asibitocin koyarwa da asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya irin na Kaduna da Maiduguri da Kware. Ba duka ke yin hifnosis ba, da yawa hanyar gyaran tunani da ake kira CBT suke bi kuma ita hujjojinta ma sun fi ƙarfi, kar ka raina. Wanda ya buɗe shafi a Instagram da satifiket ɗin kwas na sati biyu yana cewa zama ɗaya zai warkar da kai, riƙe kuɗinka. Mai farfaɗiya, da wanda ya taɓa samun taɓin hankali, da wanda wani mummunan abu da ya same shi ke yawan dawo masa, kar su fara sai sun ga likita. Su tiramadol da wiwi da wasu ke sha wai don ido ya bushe, layin ma suke ƙara gogewa. Akwai ƙwayar furofaranolol da wasu makaɗa ke sha don rage bugun zuciya, amma sai likita ya rubuta, mai asma kuwa tana iya shaƙe shi.

Ranar wasan ba ka buƙatar minti 15 ɗin, ba ma za ka samu ba ana ta neman hular wani da ta ɓata. Ka samu lungu bayan labule, numfashi biyar masu dogon fitarwa, ka saki muƙamuƙi, ka matsa yatsa, ka faɗi jimlarka. Ni ina haɗawa da addu'ar Annabi Musa ta cikin Suratu Ɗaha, Rabbishrah li sadri, har zuwa inda ya roƙi a warware masa ƙullin harshe. Kurɓi ruwa kaɗan ba mai sanyi ba, ka riƙe layin farko a baki, ka jira alamar shigarka.